Idon Baba Idirisa da Rabin Waƙar da Na Yanke

Zuwa ga Alhaji Usman, shugaban kwamitin asusun taimako na jama'armu ta Uhudu, da sauran dattawan kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya tare da iyalai. Ni ne Haruna mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Sultana, uban Faisal. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, shi ma sai da na maimaita shi, don haka in kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi. Na rubuta a fili ne domin duk ranar da na ɗauko maganar nan a majalisa, sai a miƙo min shayi a shiga hirar tsadar haya.

Kun ji labari na faɗa birka, kwamin iyo, da farar rigata. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya tura ni. Na samu labari Faisal da abokansa sun kama istiraha, gidan shaƙatawa na haya, can bayan gari, kan hanyar Badr, za su yi wannan kiɗa na jita mai lantarki da suke kira rok. Na ɗauki mota na bi su da niyyar kashe musu wuta, tunda harkar wuta ce kaɗai na fi su sani. Na laɓe bayan bishiyar dabino, na gano babban makunni, na ja shi. Wuri ya yi duhu, na ja da baya cikin jin daɗin aikina, sai ga ni cikin ruwa har wuya. Jawwal ɗina, wayar aljihuna, ya rasu nan take. Takalmina ɗaya yana can har yau.

To, ga ƙorafina.

Na ɗaya. Yaran nan ba don holewa suka taru ba. Don Baba Idirisa mai tsire suka taru, mutumin Chadi da ya ciyar da 'ya'yanmu a bakin titi tun suna rarrafe, da kuɗi ko babu. Ciwon yana ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan yana bin sahu. Kun ga tabon ƙuna a hannunsa, domin yanzu da laluben yatsa yake gane inda garwashi yake. Ba shi da takardar ɗan ƙasa, sai asibitin kuɗi. Asusunmu ya ce a jira. Yara suka ce ba sa jira, suka haɗa abin da zai isa aikin ido, suka kawo muku. Kuka mayar musu, kuka ce kuɗin kiɗa ne. Shi kuma Baba ya rantse ba zai taɓa ko riyal ɗaya ba sai ya fito ta hannunku, don yana jin kunyarku fiye da yadda yake tsoron makanta.

Na biyu. Ku ba ku je ba, ni na je, ko da yake a matsayin ɓarawon wuta. Kafin in ja makunnin na daɗe a bayan dabinon nan, kuma ba neman wayar wuta ne kaɗai ya tsayar da ni ba. Ƙungiya uku ce. Ta farko wasu 'yan uwa ne 'yan asalin Sudan, masu aikin fenti da rana. Babbansu siriri ne kamar sandar tsintsiya, amma da ya taɓa jitar nan sai na ji abin a haƙarƙarina. Yana sa ta ta yi kuka, ya lallashe ta, ya sake tsokanarta. Ni da injin mukayyif nake kwana nake tashi, na san ƙarar banza na san ƙarar da aka saita, kuma wannan saitacciya ce. Ta biyu yaran Sultana ne, gangunansu rabi na aro rabi na gyara, ɗaya an ɗaure ƙafarta da wayar da na tabbata daga shagona ta ɓata. Na yafe. Wanda ya sauka daga dandamali shi ke riƙe wa na gaba waya, shi ke zagayawa da kwali ana jefa sadaka. Ban ga mace ba, ban ji warin komai ba sai na tsire da shayi, kuma da lokacin isha'i ya yi sun ajiye komai sun yi sahu. Limaminsu mai buga musu ganga ne, karatunsa ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Na uku, kuma a nan nake neman Alhaji ya yi min haƙuri. Da wuta ta ɗauke, jitoci suka mutu, mai gangar bai tsaya ba. Ya juya hannu ya shiga kiɗan mizmar, namu na rawar sanda, yara suka ɗauki tafi a cikin duhu. Ina cikin ruwa ina haɗiyar abin da ban so ba, amma ƙafata tana bin kiɗan. Alhaji, wa ya koya musu? A bikin auren ƙanenka ni na riƙe ganga, kai ka shiga fili da sanda, ka juya ta har rawaninka ya warware. Ban faɗi haka don in kunyata ka ba, wallahi ranar ka burge kowa. Ni ba malami ba ne, ba na ba da fatawa. Abin da na sani shi ne a gidajenmu yaran nan suka tsinci abin, suka sa masa lantarki.

Na huɗu. Lokacin da na ja makunnin, ƙungiya ta uku ce, Faisal ne ya hau. Na ga gashin nan nasa da ya sha mai, kunya ta kama ni, na kai hannu. Hannuna na sauka ina jin baitin farko, ashe da Hausa yake yi. Yaron da in na ce masa kawo ruwa sai ya amsa min da Larabci, shi ne ya zauna ya haɗa wa Baba Idirisa waƙa da Hausarsa mai ɗingishi. Shi ya tsamo ni daga birka, ya yafa min shimfiɗar ganga. Na mayar da wutar da hannuna ina ɗiga, sauran suka ci gaba, shi bai koma ba. A mota ya gaya min, da Larabci kuwa, cewa ba zai ƙarasa waƙar ba sai ranar da Baba zai iya ganin mai yin ta.

Don haka ina roƙon kwamiti abu biyu. Ku karɓi amanar nan ku kai Baba asibiti. In zuciyarku ba ta natsu ba, ku zaɓi malamin da kuka yarda da shi mu je tare a wannan makon, a gaya masa komai, har da birka, a kuma gaya masa mutum na ƙona hannu kullum. Na biyu, ku kira yaran nan majalisa ku sa musu albarka. Sun ga dattijo na laluben wuta, sun motsa kafin mu.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya ba kwamiti ikon yin daidai, ya buɗe idon Baba Idirisa, ya shirya mana zuri'a, ya kuma shiryi iyayensu masu laɓewa bayan dabino.

Ni dai akwai bashi a wuyana. Faisal ya ce tunda ni na yanke waƙar, ni zan riƙe masa ganga ranar ƙarasawa. Na sauko da tsohuwar gangata daga saman kabad, na shanya fatar a rana, kullum ina gwada hannu maƙwabta suna buga bango. Ba ni da ranar biya sai kun sa ta.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Haruna, uban Faisal.