Dalar da Na Liƙa Maka a Goshi

Zuwa ga mijin 'yata,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, wata biyar ke nan da muka kai ka makwancinka. Amma tun safe bakina ya ƙi rufuwa don murna, kuma da na dawo ɗakina a Wheaton, nan Amurka, na rasa wanda zan gaya wa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfurata na shiga makarantar yamma.

Hadiza ta sauka lafiya, namiji ne. Yau aka yi suna a gidanku na Gaithersburg. Gashinsa ja-ja ne irin naka, hancin kuwa nawa ne, kada wanda ya yi mini gardama. Ya kama yatsana ya ƙi saki. Na yi jika! An yanka rago, mata sun yi masa da miyar taushe, mahaifiyarka tana kallo ta waya daga ƙasarku Ireland, tana kuka tana dariya. Kafin la'asar kowa ya kama gabansa, ka san halin ƙasar nan da aiki.

Akwai maganar da na daɗe ina riƙewa. Ranar da Hadiza ta fara kawo ka, ka zauna a ƙasa ka ba ni labarinka. Ka ce tun kana yaro kake tsayawa bakin titi a garinku na gaɓar teku da jitar kawunka, kana rera waƙoƙin da ka rubuta da kanka, har ka tsallako nan kana waƙa a ƙananan ɗakunan taro na Washington. Duk bayanin nan abu ɗaya na ji: maroƙi. A inda na taso, gida irin namu ba ya ba maroƙi 'ya. Ka musulunta, ka zama Yunusa, na ba ka ita zuciyata ba ta so. Shekara huɗu ban kira ka da suna ba, sai dai mai jita.

Ka tuna ranar da ka fitar da faifanka na biyu? Hadiza ce ta matsa mini na je. Ɗaki cike, kowa shiru kamar ana huɗuba, ba mai rawa. Kana tsakiyar wata waƙa mai sanyi na tashi, na hau dandamali, na liƙa maka dala ɗaya a goshi. Liƙi a wurinmu karramawa ce, amma ba ita ce niyyata ba. So na yi in nuna maka matsayinka a gaban 'yata. Ita ta gane, ta sunkuyar da kai. Kai kuwa ka ƙarasa waƙar da dalar a goshinka, ka shaida wa jama'a cewa surukinka ya girmama ka irin na ƙasarsu. Suka yi ta tafa mini.

Ana saura mako biyu ta haihu, Hadiza ta roƙe ni in kau da kayanka don a sami wurin gadon jariri. Na buɗe akwatin jitarka. Ga dalar nan cikin leda, a miƙe, ka manna mata 'yar takarda ka rubuta da Hausarka mai ɗingishi cewa daga Baba ce. Na zauna a ƙasa ina ta kallonta. Ba ka san nufina ba ne? Ko ka sani ka ajiye ta haka? Har yau na kasa tambayar Hadiza.

Na kai takardar waƙoƙinka da na tarar a akwatin wurin malamarmu ta Turanci, muka bi waƙar nan layi-layi. Ashe kan mahaifinka ce, da ya rasu kana nan ba ka sami zuwa jana'izarsa ba. Ni ma haka uwata ta rasu ina nan ina tuƙa tasi. Wannan ita ce waƙar da na katse. Baƙi biyu a gari ɗaya, tafiya kaɗan a mota tsakaninmu, me ya hana ni in zauna da kai ko sau ɗaya mu sha shayi?

'Yan uwa daga gida sun yi ta kirana, wai in sa wa yaron sunan mahaifina, jitar kuma a bayar da ita kada ya taso ya gani. Da a da ne, da ni zan fara faɗin haka. Hadiza ta miƙo mini yaron a asibiti tana kallona. Na yi masa kiran salla a kunne, na raɗa masa Yunusa. Sannan na ƙara matsowa na faɗa masa sunan da uwarka ta sa maka, wanda ke jikin faya-fayanka: Kiyaran. Ranar ce sunanka ya fara fita daga bakina, kuma ba ka nan.

Jitar tana rataye a bangon ɗakinsa, ni na kafa ƙusar. Dalar tana wurina. In Allah ya ja kwanana har ya yi wayo, zan ba shi, in gaya masa abin da na yi nufi da ita da abin da ubansa ya mayar da ita.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, Kiyaran.

Surukinka da ya makara,
Baban Hadiza