Sunan da ba ki taɓa kira ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Kara-Kara muna nan, sai dai jikarki Rabi ba ta da lafiya, kuma dalilinta ne na zauna rubuta miki.

Tun da ta haihu ba ta barci. Tana zama ta ƙura wa bango ido, ana ba ta jinjirin ta karɓa kamar ba nata ba. Likita ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan ciwo a danginmu, don ya san yadda zai ɓullo mata. Na ce babu. Abin da kika gaya mini ke nan, cewa uwarki ta rasu kina cikin tsumma.

Sai Gwaggo Abu, 'yar ƙanen babanki, ta zo daga Durum duba Rabi. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta dafe ƙirji ta ce, "Haka Ta-Takieta ta fara." Na riƙe ta sai da ta faɗa mini. Ashe uwarki ba ta mutu a lokacin ba. Kawo ta aka yi asibitin nan Damagaram, ɓangaren masu taɓin hankali, ba ta sake komawa gida ba. Gwaggo ba ta san sunanta na yanka ba. Amarya ce daga Takieta, da haka kowa ke kiranta.

Na hau kabu-kabu na je asibitin. Aka yi ta tura ni daga wannan buro, wato ofis, zuwa wancan, har na isa wajen majo, shugaban masu jinya. Ya karɓe ni da mutunci. Ya ce tsofaffin takardu suna nan, amma dangi kawai ake nuna wa, kuma da suna ake neman su. Jika ce ni, ban san sunan kakata ba.

Ya ce in kawo katina ya gani. Ya karanta a fili: Hadizatu.

Rabon da in ji wannan suna tun ina 'yar makaranta a lakwal. Da Laraba kowa ya san ni. Ke kuwa ko Laraban da ƙyar, sai "ke 'yar nan". Hadizar maƙwabta ma "takwarar 'yar nan" kike ce mata. Duk rayuwata na ɗauka kunyar 'yar fari ce kike yi mini. A tsaye a wurin na tuna Baba ya taɓa cewa ke kika zaɓi sunan, har da kuka, ba ki faɗi dalili ba. Na ce wa majo ya duba Hadizatu, daga Durum.

Da na koma ya samo. Takarda ce 'yar ƙarama, gara ta ci gefenta. Ya fassara mini daga Faransanci. An rubuta cewa ba ta duka, ba ta zagi. Tana naɗe zane ta goya a baya, ba ta yarda a karɓe shi ko lokacin wanka, tana jijjiga shi tana kiran suna ɗaya. Majo ya karanto sunan. Naki ne, Inna.

Inda aka binne ta ba ya ciki. Ban san ko kin taɓa zuwa ba, ko kin tsaya a bakin ƙofa kin juya. Tun ranar, in Rabi ta ba ni baya a kan tabarma, sai in ga wannan goyon zane.

Ban yi fushi da ke ba. Na san yadda mutane suke, da sun ji ba wanda zai nemi aurenmu. Amma na koma wajen likita na ce masa akwai, kakata ce. Ya ɗora Rabi a kan magani, ya ce irin wannan ana warkewa. Jiya ta ba jinjirin nono da kanta. Ba zan bar ta ita kaɗai ba, kuma in ta ji sauƙi zan gaya mata komai.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Ita ma Allah ya kai haske inda take kwance, ya sada ku, ta sauke zanen ta ɗauke ki.

Taki,
'yar nan,
Hadizatu