Kanwar da Kika Bar wa Falmata

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma sai dai ki miƙa wa wani ya karanta miki, kina mitar rubutuna kamar kaza ta yi tono. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk wanda na fara faɗa wa sai ya ce in yi istigfari.

Na haihu, Inna. Mace ce. Yau kwananmu talatin da tara, gobe arba'in. Shekara tara ina jiran wannan rana, ke kika yi bakwai kina taya ni jira, sannan kika tafi kika bar ni da sauran biyun. Baba yana nan lafiya, sai dai kunnensa ya ƙara nauyi. Darbejiyar ƙofar gida ta kusa zama sanƙo saboda ganyen wankana.

Da cikin ya shiga wata tara na haɗa kayana daga gidan mijina a Lamisula na taho unguwarmu Hausari wankan gida, kamar kowace mace a haihuwar fari. A cikin keke ina ta faɗa wa kaina cewa ba zan same ki ba, in shirya zuciyata. Na shirya wa ɗakinki a rufe. Abin da ban shirya masa ba shi ne in ɗaga labule in tarar da Falmata zaune a kan tabarmarki tana ɗinkin hula, ɗaure da zanenki mai ruwan ƙasa.

Falmatarki. Wadda ta faɗo zaurenmu shekara uku da suka wuce, ƙafa a farfashe, ciki wata takwas, daga ƙauyensu na wajen tafki da aka ƙone. Ba miji, ba dangi, ba ko kalmar Hausa goma a bakinta. Kowa a unguwa ya ba ta abin da ya sawwaƙa ya wuce. Ke kuwa kika kama hannunta kika shigar da ita har ƙuryar ɗaki.

Kin tuna kwallar nan mai shuɗin fure da kike ajiyewa a ƙarƙashin gado? Tun ina amarya kike tara mini kayan haihuwa a ciki. Duk zuwan da na yi sai kin jawo ta kin buɗe mini, wai don in sa rai. Sabuwar reza a cikin takardarta, farin zaren ɗaure cibiya da kika dafa kika naɗe, ledar shimfiɗa. Tsofaffin zannuwanki da kika wanke har suka yi laushi, kina cewa sabon zane kaushi ne da shi, ba ya shan jini. Man kaɗanya, yajin jego da kika daka da hannunki, da turaren wutan da kika hana kowa ko sansanawa. Can ƙasa kuma, a ƙulle cikin tsumma, ungurnu, kanwar tafki da fatake suke kawowa kafin a rufe hanya. Kika ce kunun da aka dama da ita shi ke kawo ruwan nono, ta kasuwa gishiri ce kawai. Kika ce duk wannan na Hadiza ne.

Sai ga shi ranar da na zo barkar Falmata, tun daga zaure na ji ƙamshin turarena. Na shiga na ga jaririyarta naɗe cikin zanen da kika ce nawa ne. Kina bayan ɗaki gaban rabin gangar da ruwa ke tafasa, gumi yana zuba, kina fyaɗa mata ganye a baya kina yi mata sannu. Kika ɗago kika ce in taya ki tura itace. Na tura, Inna. Kin ga yadda na tura shi har toka ta tashi?

Ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kwana arba'in ɗin nan na jegon Falmata da ban leƙo gida ba, na ce miki shingayen sojoji ne suka yi yawa, kullum sai a sauke mutum ya taka da ƙafa. Ƙarya na yi. Ina zuwa kasuwa ta wannan hanyar. Kishi ne ya hana ni, tsagwaronsa. A ganina kin buɗe kwallar ne saboda kin fid da rai da ni. Kin duba cikina shekara shida shiru, kika ce to, a ba mai rabo. Haka ne, Inna? Ko kuwa kin ga mace tana naƙuda a gabanki ne kawai, ba ki tsaya tunanin kowa ba?

Falmata kuwa ba ta tsaya nan ba. Ta sa wa ’yarta sunanki, duk unguwa ana kiran yarinyar Ummi. Sunan da na ajiye a zuciyata tun ban san ko zan haihu ba, wata ta riga ni. Tawa ma sunanki aka raɗa mata, sai dai dole na koma ina ce mata Mama, kamar wadda ta zo rabo a makare.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ranar tafiyarki. An hana fita dare da rana, layukan waya a yanke. Tsakanina da ke tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba, amma sai bayan kwana biyu na ji. Falmata ce ta ɗiga miki ruwa. Ita ta gyara miki matashi, ita ta ji maganarki ta ƙarshe. Ni da kika ɗauka wata tara, tabarmar gaisuwa kawai na tarar. Me ya hana ki jira ni kwana biyu?

Don haka da na zo wankan gidan nan, a cike nake fam. Ta gaishe ni na amsa da hanci. Ta kawo ruwa na ce ba na jin ƙishi. A kwana na uku, ina zaune ina matsa ƙafafuna da suka kumbura, ta matso tana murmushi, da Hausarta ta Barebari da ba ta san lanƙwasa harshe ba. Hajja take kiranki. Ta ce kada in damu da komai, wai "Hajja ta bar mini kanwa, ta ce in rike da kyau, kada in ba kowa."

Inna, sai da na ji kunnena ya yi zafi. Ashe akwai sauran ungurnun? Ashe abu ɗaya da ya rage daga kwallata, shi ma ita kika ba, har da gargaɗin kada ta ba kowa? Ni ce kowa? Na ce ta ɗauko mini yanzu. Ta tsaya tana kallona. Na sake faɗa da ƙarfi, ta shiga madafi ta fito da ɗan ƙullin kanwar kasuwa a leda. Na ce ba ita ba, ta Innata nake nufi, wadda ta ce kin bar mata. Ta nuna ni da hannu tana cewa ai ga ta, ga ta. Na ɗauka rainin hankali ne, wato tana nufin in duba jikina ko ni na ɓoye.

Na birkice ɗakinki kaf, da tulelen cikina. Na ɗaga katifa, na zazzage buhun tsummokara, har cikin jakar zarenta na sa hannu. Ban sami komai ba. Na fita wajen Baba na ɗaga murya yadda kunnensa zai ji, wanda ke nufin rabin Hausari sun ji. Na ce ba zan yi jego ɗaki ɗaya da mai ɓoye kayan mamaci ba. Ko ta koma sansanin ’yan gudun hijira inda ’yan garinsu suke, ko ni in koma Lamisula yayar mijina ta yi mini wankan. Baba ya ɗago kai. Ya dubi cikina, ya ce a bari a wuce Juma'a. Falmata ta shiga ɗaki. Ta ƙulle kayanta da na Ummi a zane ɗaya ta ajiye bakin ƙofa. Zanenki mai ruwan ƙasa kuwa ta wanke ta linke ta ɗora mini a kan gado.

Laraba da hantsi naƙuda ta taso. Tun safe an ji ƙara daga wajen kasuwa, aka rufe hanyoyi, ko keke ɗaya babu a titi. Katin asibitina yana jaka, amma wa zai kai ni? Ina durƙushe ina kiran sunanki na ji ana jan abu daga ƙarƙashin gado. Kwallar ce. Ranar da na birkice ɗakin ita kaɗai na tsallake, don ba na son in gan ta fanko.

A cike take, Inna. Reza sabuwa a takarda, zare dafaffe, leda, auduga, sabulu, har da safar hannu da ke ba ki taɓa sawa ba. Zannuwan ciki nata ne na sawa, ta wanke su har suka yi laushi. Daga baya na ji cewa tun bayan rasuwarki take cikawa, duk hular da ta gama sai ta ƙara abu ɗaya. Ta wanke hannu har gwiwa, ta aika a kira Ya Zara maƙwabciyarmu ta katanga. Ta dafa mini baya daidai inda kike dafawa idan ina ciwon mara. Kafin la'asar Mama ta faɗo. Na ga yadda ta ɗaure cibiyar, ƙulli biyu, ta ja da yatsa ta gwada. Ɗaurinki ne sak. Ina cikin wannan hali, jini bai gama tsayawa ba, sai da na ji haushin cewa ita kika koya wa.

Ya Zara ce ta yi tuntuɓe da ƙullin kayan a bakin ƙofa ta tambaya ko na wane ne. Na ba ta labari, ina jiran ta goyi bayana. Ta juya ta tambayi Falmata da Kanuri, Falmata ta amsa kanta a ƙasa. Sai tsohuwar nan ta zauna dirshan tana dariya har da hawaye. Ta ce Hadiza, ke da kika yi boko! Ba kanwar kunu ba ce, ƙanwa ce. Ta ce tana wurin lokacin da ke Inna kika kama hannun Falmata kika ce mata Hadiza ƙanwarki ce, zuciya gare ta amma ki riƙe ta, in Allah Ya ba ta ciki kada ki bar wa kowa wankanta. Ungurnun kuwa tun jegon Falmata ya ƙare.

Da ƙasa za ta tsage da na shige da jaririyata. Ni ce ta yi ta nunawa da hannu tana cewa ga ta. Ni na kore ta saboda ta riƙe ni. Da na iya miƙewa na je na kwance ƙullin nan da kaina, na mayar da kayan Ummi inda suke. Ban iya ba ta haƙuri da baki ba, ita ma ba ta nema ba. Abin dariyar, da hanya ta buɗe muka je asibiti, malamar ta dubi ƙafafuna ta ce in yi nesa da kanwa. Kunun gyaɗa nake ta sha.

Kada ki ɗauka na warke, Inna. Safe da yamma tana hura wuta, tana sirka ruwan, tana gwada zafinsa da gwiwar hannu kafin ya taɓa ni. Tana gasa mini nama da yaji, tana turara mini zane, tana karɓar Mama in sami barci. Duk abin da ta yi daidai sai kishi ya taso mini, don na san a jikinta kika fara yinsa. Ita ta san hannunki a bayan mai jego, ni sai dai in ji labarinsa ta hannunta. Kuma me ya sa ita kika ba amanata, ba ni kika ba amanarta ba? Kin san wadda za ta riƙe ke nan, ko? Zuciya gare ta. Har a bakin mutuwa sai da kika yi da ni.

Har yau ban kira ta Yaya ba. Sau biyu kalmar tana zuwa bakina tana komawa. Gobe za ta yi mini wankan ƙarshe, ta kashe wuta, ta kife gangar. Mijina ya aiko cewa zai zo da keke bayan azahar, an share ɗaki, yayarsa tana jira. Na ce a faɗa masa jikina bai gama ƙwari ba, ya ƙara mini mako ɗaya. Ƙarya ce wannan ma, jikina garau yake. Falmata tana wajen murhu ta ji ni. Ba ta ɗago ba, sai dai na ga ta ƙara itace.

Ki yafe mini kwana arba'in ɗin da na guje ki. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sada mu a inda ba a hana fita. Sai na zo, Inna.

’Yarki ta cikinki,
Hadiza, ƙanwar Falmata.