Allin Da Na Wanke

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah Ya sawwaƙe maka ciwon bayan nan. Mu ma lafiya, sai kewar yayanka da ta ƙi sakin mu. Allah Ya kai haske kabarinsa.

Sai ranar Laraba na gane abin da na aikata. Magini ya tsuguna yana jujjuya katakan rufin ɗakin taro, ya tambaye ni ina zanen allin marigayi. Nan take na zauna a ƙasa.

Ka san Baba da mutanen gari ne suka gina ɗakin nan da hannunsu, tun ba a kawo ni gidanku ba. A ciki na koyi ɗan rubutun nan, a ciki aka yi awon 'ya'yana duka. Da kwano ya fara yoyo, yayanka ya ce ba za a zubar da katakan Baba ba yana raye. Ya sauke su ɗaya ɗaya, yana yi wa kowanne alama da alli, don Baba da gizago ya sassaƙa su, kowanne da gurbinsa. Bai kai ga mayarwa ba ciwo ya kwantar da shi.

Bayan rasuwar na leƙa, na tarar da su cikin ƙura da kashin tantabaru. Zuciyata ta kasa ɗauka. Na ɗebo ruwa na wanke su tas, a zatona gata nake yi masa. Garin neman gira na rasa ido.

Magini bai yi mini faɗa ba, har ya ce bai taɓa ganin katako mai tsabta haka ba, don dai in yi dariya. Amma ya gwada uku, ba wanda ya zauna. Wasu har sun fara cewa a sayo sabbi, tsofaffin a yi itacen girki da su. Na roƙa a jira ka. Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka hau rufin nan tare da Baba, ƙila idonka ya tuna.

Ka gaida amaryarmu, da takwaran Baba, da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina aiko gaisuwa, ka kawo ta da ƙafarka.

Hadari ya fara haɗuwa, Auta. Katakan na jingine da bango, ɗakin har yanzu ba rufi.

Ni ce,
Matar yayanka