Dawakan Katako da Kunnen Hagu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Inna? Ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau, kada ki tayar mata da hankali.

Kin ce tana fushi, wai in ta kira ni ihu nake mata. Ba raini ba ne. A wurin wasan yara nake aiki, lilo mai juyawa da dawakan katako. Ni ke ɗora yara, in ɗaure su, in kunna inji. Dawakan ba ci ba harbi, ba ruwana da su. Kiɗan ne bala'in. Waƙa ɗaya tal tun safe har a tashi, lasifikar kuma daidai kunnena na hagu. Na ce wa mai wurin ya rage, ya ce kiɗan ke kiran iyaye, ni wa nake kira? Ran nan haushi ya sa na zare wayar lasifikar. Wallahi Yaya, sai yara suka fashe da kuka, wai dawakan sun mutu. Da hannuna na mayar da ita.

Yanzu ko littafi na buɗe, waƙar nan ke bin layi da ni. Kunnen ya ɗan yi nauyi, kaɗan dai. Ina neman wani aikin, ban samu ba tukuna.

Roƙona ɗaya: in na kira, ki zauna kusa da Inna. In ta sa min albarka ban ce amin ba, ki ce layi ne ba kyau, ki amsa mata a madadina.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki