Farin Gashin da Falmata Ta Nema

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, ya ƙafar Inna?

Lafiyata lau a Gure, amma gabana faɗuwa yake. Yaran nan 'yan gudun hijira da nake koya wa murza gashin tumaki da sabulu har ya haɗe, ko hankalinsu ya kwanta, akwai wata Falmata cikinsu da ba ta magana. Jiya ta haɗa ɗan mutum da gashin, ta naɗe shi da farin gashi kamar likkafani, ta binne a yashi. Sauran yaran suka yi sahu kamar masu sallar gawa. Sannan ta miƙo hannu ta ce, "Malama, ƙaro fari. Saura huɗu."

Ki gaida kowa. Don Allah Inna ta sa mu a addu'a. Gobe yarinyar za ta dawo, ban san ko in ba ta ba.

Ƙanwarki,
Rabi