Takalmina a Ƙofar Coci

Talata, 21 ga Mayu 1996

An binne Luqman. Na rubuta ne don in gani da idona, ko zan yarda.

Mijina direban taksi ne, ba soja ba. Sojoji sun yi bore kan abin da ke tsakaninsu da gwamnati, harsashinsu kuma ya zo ya samu mijina a Titin Koudoukou. Ya wuni a bakin kwalta, rana tana dukansa. Duk unguwar Kilomita Biyar ba namijin da ya isa ya leƙa, wanda ya fito harbi ne. Yaya Isma'ila ya gwada, suka yi masa ɓarin wuta a gaban ƙafa, ya juyo. Ban ga laifinsa ba. Amma ban yafe wa kowa ba tukuna.

Filomen ce ta ɗauko shi. Filomen mai busasshen kifi da ke kusa da rumfar ɗinkina, 'yar Katolika, wadda kullum muke cacar baki kan warin kifinta. Ita da matan cocinsu suka ɗaura fararen ɗankwali, suka tura amalanke suna waƙa da yaren Sango, suka ratsa ta gaban sojojin. Zanen da ta yafa ta cire ta rufe shi.

Juma'a, 24 ga Mayu

A yi haƙuri, a yi haƙuri. Na ji! Haƙurin nan ya ishe ni.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ina takaba a gidan Inna a unguwar Kokoro. Filomen na zuwa duk Lahadi in sun tashi daga coci. Inna tana ba ta kunu, tana sa mata albarka.

Yau na tambaye ta abin da ya kai ta gaban bindiga saboda mijin wata. Ta ce, "Uwar Yesu ma an bar mata ɗanta a rataye cikin rana. Sai da wani ya yi ta maza ya je ya karɓo gawar." Na ce mu a wurinmu ba a kashe Annabi Isa ba. Ta ɗaga kafaɗa. "To. Ni dai na kawo miki mijinki."

Ta ba ni haushi. Na so ta yi gardama.

Litinin, 30 ga Satumba

Na fita takaba, na koma kan keken ɗinkina. Ina salla, bakina ne kawai ke motsi. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Sojoji sun sake bore. Shekaranjiya na kai ɗinki unguwar Yakité, harbi ya ɓarke, hanyar gida ta toshe. Na bi ayarin masu gudu, ban san inda muka nufa ba sai da na ga ƙofar cocin su Filomen.

Abin da na yi, ko ni sai da na yi dariya daga baya. Mutane na ture juna, yara na ihu, harsashi na wucewa ta sama, ni kuwa na duƙa a bakin ƙofa ina kwance igiyar takalmi! Filomen ta hango ni daga ciki: "Ummuhani, kin haukace? Shigo!" Sai da na cire su, na jera a gefe, sannan na shiga.

Aikin Inna ne. Tun ina 'yar mitsitsiya take murɗe mini kunne: ɗakin Allah ba a shigarsa da dattin titi. Ƙafata ba ta tsaya tambayar ɗakin wane ne ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Muna nan a cocin. Kwana kan benci, cin rogo.

A lungu akwai wani sassaƙe na itace: mace zaune, gawar ɗanta a cinyarta. Hannunsa ɗaya ya sauko yana lilo. Haka hannun Luqman ya leƙo ta gefen amalanke, haka ɗin nan, ba bambanci. Na tsaya gabanta ina harararta. Can sai na ji kaina ina yi mata magana da Hausa, na ce ke ma sun ce miki ki yi haƙuri? Kukan da ban yi ba tun Mayu ya zo gaba ɗaya.

Ba wanda ya ce mini in yi shiru. Wata tsohuwa ta matsa mini wuri kawai.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na dawo gida ba takalmi, an ɗauke. Inna ta rungume ni har na kasa numfashi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Na koma cocin. Ba harbi, ba wanda ya kira ni. Da ƙafata na je.

Lahadi, 9 ga Fabrairu 1997

Ranar Salla, kuma ranar da asirina ya tonu. Wata ta gan ni a ƙofar coci, ta kawo wa Inna da ɗuminsa.

Ban yi musu ba. Na ce e, ina zuwa, kuma na fara koyon addinin. Yaya Isma'ila ya miƙe tsaye: "Don shinkafar da suke rabawa? Mun gaza ciyar da ke ne?" Na ce Yaya, ka taɓa ganin ƙwayar shinkafarsu a tukunyata? Ya ce to don me. Na ce don na sami Allahn da ya san yadda ake barin mutum a rana. Ya ce a'uzubillahi. Da gaskiyarsa yake faɗa, na sani, hawaye ne a idonsa.

Inna ba ta ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo. Ta ce, "Ummuhani, ki je ki dawo, ki je ki dawo, zan kau da kai. Amma ranar da suka zuba miki ruwan nan nasu, ba ni ba ke. Ko gawata kada ki zo."

Na ce to, Inna. Na naɗe kayana, na ɗora kan keken ɗinkin a kai. Filomen ta samo mini ɗaki a Yakité. Ban waiwaya ba, kuma ba zan sake taka Kokoro ba. In uwa ta iya, 'ya ma ta iya. A nononta na sha taurin kan.

Asabar, 15 ga Maris

Matan Kokoro sun janye ɗinkinsu. Can ta matse musu, su je wurin Ɗantsoho tela ya yi musu hannu ɗaya dogo ɗaya gajere.

A cocin ma ba wai an shimfiɗa mini tabarma ba ne. Wasu na kallona kamar an aiko ni leƙen asiri. Takalmina kuwa ya zama abin nishaɗi, su kaɗai ne a bakin ƙofa duk Lahadi. Malamin da ke koya mana ya ce, "Madam, nan ba masallaci ba ne, ki bar wannan ɗabi'ar." Na ce Malam, wanda ke ciki ya rage daraja ne? Ya kai ƙarata wurin Fada, limamin cocin. Fada tsoho ne, ya yi dariya har da tari, ya ce a ƙyale ni, Annabi Musa ma an ce ya cire nasa.

Yau an raba shinkafa a cocin. Na wuce layin kaina a sama, cikina na ƙugi.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Layya. Ba a aiko mini da ko tsoka ɗaya ba. Dama ba na son naman rago.

Talata, 24 ga Yuni

Wannan karon manyan bindigogi ne, har ƙasa na girgiza. Aka ce wani abu ya faɗa Kokoro.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsaya a kwanar gidanmu, bayan shagon mai gawayi. Rufin yana nan. Hayaƙi na tashi daga madafa, kuma na ji tarin Inna. Na juyo.

Wannan ba taka Kokoro ba ne. A bakin kwana na tsaya.

Alhamis, 2 ga Oktoba

An sake ɗauke mini takalmi ranar Lahadi. Na ratsa Koudoukou ƙafa ba komai, 'yan canji na nuna ni da baki. Ko a jikina.

Amariya, matar Yaya, tana kawo mini ɗinki a ɓoye cikin kwandon cefane. Ta ce labarin ya kai gida. Wai Inna ta yi tsaki ta ce, "Sokuwa. Ta bar addinin, ta riƙe cire takalmin." Wai kuma can da aka jima, tana tsintar wake, sai ta ce, "A wace ƙofar take ajiye su?" Amariya ta ce ba ta sani ba.

Ina ruwanta da ƙofar?

Lahadi, 1 ga Maris 1998

An kira sunayen waɗanda za a yi wa baftisma ranar Ista, har da nawa. Bayan an tashi Fada ya tsayar da ni. Ya ce, "'Yata, na san abin da mahaifiyarki ta faɗa. In kina so ki jira wata shekarar, Allah ba ya gaggawa."

Na ce Fada, in na jira, mutuwarta nake jira ke nan, ni kuwa ba zan zauna ina jiran uwata ta mutu ba. Gara ta ji haushina tana raye.

Da ƙarfi na faɗa. Da na zo gida na kasa zura zare a allura.

Laraba, 8 ga Afrilu

Layya ta zagayo. Na aika Amariya ta gaya wa Inna: ranar Lahadi ne, da safe. Ba roƙo ba ne. Ba na so ta ji a bakin 'yan kasuwa.

Amariya ta dawo ta ce Inna ta juya fuska bango.

Shi ke nan. Na ɗinka farar rigata, ta yi kyau.

Lahadi, 12 ga Afrilu

An yi. Da safe aka yi, don har yanzu mutane ba sa son fita in duhu ya yi. Filomen ta tsaya mini a matsayin uwar baftisma, tana ta kuka tana warin kifi. Ruwan da sanyi. Sunana Monik. Da ya sauka a goshina na ji abin da na zo nema, ba zan iya rubuta shi ba, kuma ba na nadama. Na kuma ji cewa daga yanzu ba ni da uwa.

Na fito, ba takalmi. Sababbi fil! Na buɗe baki zan yi abin da bai dace da mai sabuwar baftisma ba, sai Filomen ta taɓa ni, ta nuna tsallaken hanya.

Inna ce a gindin mangwaro. Ta ba cocin baya, carbi a hannunta, takalmina a cinyarta ta rufe da gefen mayafi. Daga Kokoro, da wannan gwiwar tata.

Na tsallaka. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Ba ta dubi rigar ba.

"Ba wurinki na zo ba," in ji ta. "Ɓarayi sun yi yawa a nan."

Na ce na gode, Inna.

"Sun zuba?"

"Sun zuba."

Ta daɗe tana jan carbi.

"Wane suna suka ba ki?"

"Monik."

Ta ajiye takalman a gabana, ta juya su yadda ƙafa za ta shiga, kamar yadda take yi mini ina yarinya.

"Ummuhani, sa takalminki. Ƙasa da zafi."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, don gwiwar, ba don komai ba. Ta tafi ba sallama. Na tsaya ina kallonta har ta sha kwana.

Ba ta janye maganarta ba, ni ma ban janye tawa ba. Kada wani ya ce an shirya.

Gefen mayafinta ya yage, na gani. Gobe in na tashi daga kasuwa zan bi ta Kokoro da allura. Ɗinki ne kawai.